Wane madabod zan saya wa kwamfutar kallo ta falo?

Alhaji, wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bari in maimaita tambayarka a taƙaice saboda masu karatu. Kana zaune a Makka da iyalinka, ka sayi talabijin inci 65 mai 4K, kana so ka haɗa 'yar kwamfuta ka ajiye a ƙarƙashinta, ta riƙe muku tafsirai, bidiyon biki da na suna da ake turowa daga gida, finafinan Hausa da katun ɗin yara, a riƙa kuma kallon YouTube da ƙwallo a kanta. Ka shiga shago an ɗauko maka wani ƙaton madabod, wato babban faifan da ake haɗa duk sassan kwamfuta a kansa, mai fitilu, tare da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Core i5-12400F, ka ce a bari ka yi shawara. Tambayarka ita ce ko ka koma ka biya.

Kada ka biya. Kayan suna da kyau, amma an yi su ne domin matasa masu wasan gem, waɗanda dama za su ƙara katin hoto, wanda masu shago a nan ke kira kart shasha. Harafin F ɗin nan da ke ƙarshen lambar furosesar yana nufin babu sashen samar da hoto a cikinta. Da ka kai gida ka haɗa, ka soka waya a kafar HDMI da ke bayan bod ɗin, fanka za ta yi ta juyawa, fitilu su kama, allon talabijin kuwa baƙi ƙirin. Kafar HDMI ta jikin bod ƙofa ce kawai, mai fitowa ta ƙofar yana cikin furosesa. Daga nan sai ka koma shago a sayar maka da katin hoto, ga ƙarin kuɗi, ga ƙarin zafi, ga ƙarin fanka mai ƙugi a falon da kake son sauraren karatu cikin natsuwa.

Na daɗe ina haɗa kwamfutoci a Jidda, kuma kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya fara sayen bod sannan ya nemi abin da zai shiga cikinsa. A aikin kallo, bod ne na ƙarshen zaɓi. Za ka fara da talabijin ɗinka da irin bidiyon da ke hannunka, su za su gaya maka furosesar da kake buƙata. Wurin da za ka ajiye kwamfutar ya gaya maka girman akwati. In waɗannan biyun suka tsaya, bod ɗin da zai dace ba zai wuce uku ko huɗu a kasuwa ba, kuma yawanci yana cikin masu sauƙin kuɗi.

To mu dubi bidiyon. Duk bidiyon da ke wayarka ko intanet a matse yake, kamar yadda ake danne kaya a jaka a ɗaure, kuma kafin ya fito a allo sai an kwance shi. Salon ɗaurin kala-kala ne. Tsofaffin finafinan Hausa da yawancin tafsiran da ke yawo suna zuwa da H.264 ko abin da ya girme shi, wannan ko tsohuwar kwamfuta za ta kwance. Bidiyon 4K na wayoyin zamani yawanci HEVC ne, wato H.265, kuma tun daga iPhone 12 da ta fito a 2020 wayoyin Apple suna ɗauka da HDR mai bit 10, wato salon hoto mai ƙarin haske da launi, wanda ya fi nauyi. YouTube kuma yana aiko da manyan bidiyoyinsa da VP9 ko AV1. Furosesa tana iya kwance waɗannan ta hanya biyu. Ko dai ta yi da ƙarfin tuwo, ta ɗau zafi, fanka ta tashi, hoto ya riƙa tsayawa yana tafiya, ko kuma ya zamana an gina mata wani ɗan sashe na musamman da aikinsa ke nan, ya kwance bidiyon cikin ruwan sanyi ita kuwa tana hutawa. Wannan ɗan sashen shi ne abin da kake saye a zahiri. A wajen Intel, kwance HEVC mai bit 10 da VP9 ya kammala ne daga furosesoshinsu na zubi na bakwai, wato jeri na bakwai da suka fitar, kwance AV1 kuma ya fara daga zubi na goma sha ɗaya. Shi ya sa za ka ga ƙaramar furosesa ta yau tana kunna bidiyon bikin da ya gagari tsohuwar Core i7 mai tsada.

Da wannan ma'aunin, hanya uku ce a gabanka.

Ta farko ita ce bod ɗin da ya zo da furosesarsa a manne, musamman mai Intel N100 da ta fito a farkon 2023. Ƙwayoyin aiki huɗu gare ta, an ƙiyasta zafinta a wat 6 kacal, kuma tana kwance H.264, HEVC, VP9 da AV1 duka. ASRock yana da N100DC-ITX da N100M, ASUS kuma yana da Prime N100I-D D4. Dukkansu ƙarfen sanyaya kawai ke kansu, babu fanka, saboda haka shiru kake ji. N100DC-ITX ɗin ma ba ya buƙatar babban akwatin wuta irin na kwamfutar tebur, caja mai bolt 19 irin ta laftof ake soka masa. Ga aikin da ka lissafa, wannan ya wadatar. Amma ka san abin da ka saya, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: furosesar ba ta ciruwa balle a canza ta nan gaba, gurbin ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da furosesa ke aiki da ita, ɗaya ne, kuma kafofin haɗa had-dis kaɗan ne. In yaranka suka tasa suka ce za su yi gem mai nauyi a kanta, ba za ta iya ba.

Ta biyu ita ce Core i3-12100 ta zubi na goma sha biyu, wadda babu F a ƙarshenta, a kan bod mai mazaunin furosesa LGA1700 da cifset, wato cif ɗin da ke kula da kafofin bod, H610 ko B760. Wannan ita nake ba wanda ke son kwamfutar ta yi kallo ta kuma yi wani abu, ko wanda ke son ta zama rumbun gidan gaba ɗaya, ta riƙa aika bidiyo zuwa wayoyi da talabijin ɗin ɗaki ta manhaja irin Jellyfin ko Plex. H610 ya isa. B760 sai in kana son ƙarin gurbin M.2, inda ake sa siririn faifan ajiya mai sauri na SSD, ko ƙarin kafofin USB masu sauri. Cifset mai harafin Z, irin Z790, na masu tura furosesa ta wuce ƙa'idarta ne, kuɗinsa asara ce a falo. Ka lura da abu ɗaya a nan: bod ɗin LGA1700 iri biyu ne, mai karɓar ram DDR4 da mai karɓar DDR5, kuma ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya, tsagar da ke ƙasansu ma ba wuri ɗaya take ba. Ka karanta jikin kwali kafin ka sayi ram.

Ta uku AMD ce. A mazaunin AM4, furosesa mai harafin G a ƙarshe ita ce mai hoto, kamar Ryzen 5 5600G a kan bod A520 ko B550. Tana da ƙarfi, ta fi i3 ɗin can iya ɗan gem, sai dai ba ta da sashen kwance AV1, da ƙarfinta take yi. A mazaunin AM5 kuma yawancin Ryzen 7000 da jerin 8000G suna da hoto kuma suna kwance AV1, amma DDR5 kaɗai suke karɓa, kuɗin haɗin sai ya tashi. Su ma suna da masu F, irin 7500F, a guje su.

Yanzu ga wurin da na fi so ka natsu, wato kafar HDMI. Kafar duk kama ɗaya ce a ido, amma abin da ke iya bi ta ciki ya bambanta. HDMI 1.4 tana kai hoton 4K sau 30 kawai a daƙiƙa. HDMI 2.0, wadda ke ɗaukar gigabit 18, tana kai shi sau 60, kuma daga 2.0a aka ƙara HDR. Cikakkiyar HDMI 2.1 tana kai gigabit 48 da 4K sau 120, wannan ta 'yan gem ce, ba ka buƙatarta. Abin da kake nema shi ne a rubuta ƙarara cewa kafar tana ba da 4K a 60Hz. Kada ka tsaya a lambar 2.0 ko 2.1 da ke jikin kwali, domin yanzu an yarda kamfani ya rubuta 2.1 a kan kafar da ƙarfinta na 2.0 ne. Ka buɗe shafin kamfanin a wayarka kana tsaye a shagon, ka nemo layin da ya faɗi iyakar girman hoto, ka ga lambar da ke ƙarshe, 60 ce ko 30 ko 24. Akan samu bod mai araha da furosesarsa za ta iya 60 amma kafarsa ta tsaya a 30. Wannan ya fi yawa a tsofaffin bod na Intel daga zubi na shida zuwa na goma, inda sai an ƙara wani ɗan cif na daban kafin HDMI 2.0 ta samu, kuma bod kaɗan ne aka sa wa shi.

Wani zai ce ai fim sau 24 ne a daƙiƙa, finafinanmu na gida kuma yawanci sau 25, to me zai hana 30 ta isa? Ƙwallo ce za ta tona asiri. Wasannin da tashoshin yankin nan da na Turai ke watsawa suna tafiya ne a kan 50, kuma a allon da ya tsaya a 30 za ka ga ƙwallo tana tsalle-tsalle maimakon ta miƙe, ido ya gaji kafin a tafi hutun rabin lokaci. Ko kibiyar linzami ma za ka ga tana jan ƙafa. Kafar da ke iya 60 tana iya 50 da 25 da 24, kuma manhajar kunna bidiyo ta Kodi tana da saitin da ke sauya bugun talabijin ya dace da na bidiyon da aka kunna. In ka haɗa komai hoto ya ƙi kaiwa 60, kafin ka zargi bod ka duba abu biyu. Wayar HDMI ta zama mai tambarin Premium High Speed, sannan a cikin saitin talabijin ka kunna cikakken ƙarfin kafar da ka soka. Samsung na kiran saitin Input Signal Plus, LG kuma HDMI Ultra HD Deep Colour. Sau da yawa a kashe yake zuwa daga kamfani.

Girman bod iri uku ne. ATX, irin wanda aka nuna maka, milimita 305 ne da 244. MicroATX 244 da 244. Mini-ITX kuma 170 da 170, kusan faɗin faranti. Mutane suna ɗokin Mini-ITX saboda ƙanƙanta, amma in ban da masu N100, yakan fi microATX tsada, gurbin ƙarin kati ɗaya ne, ram biyu, kuma akwatinsa a cushe yake, aiki a ciki sai da haƙuri. In teburin talabijin ɗinka yana da fili, microATX a cikin akwati kwantacce shi ne mafi sauƙin kuɗi da sauƙin gyara. Ka ɗauki awon gurbin da tef, tsayi da faɗi da zurfi, ka bar sarari kamar faɗin tafin hannu a baya saboda wayoyi da iska. In akwatin siriri ne, ka duba tsayin fankar furosesa da zai iya ɗauka.

Maganar iska kuwa, a ƙasar nan ba ƙaramar magana ba ce. Wani bawan Allah daga wajen Shara Mansur ya taɓa kawo min kwamfutarsa, ya ce kullum bayan La'asar takan mutu da kanta, an canza mata ram, an sake mata Windows, ba ta daina ba. A shago na bar ta tana aiki wuni guda ko gezau. Sai na ce ya turo min hoton inda take zama. Ashe cikin durowar katako take mai ƙofar gilashi, a rufe ruf, risiba a kanta, rawuta a gefenta, bayan durowar kuma ɗan rami ɗaya ne na wayoyi. Da na cire fankar furosesar, abin da na tarar tsakanin haƙoran ƙarfen kamar an shimfiɗa auduga mai launin toka, in ka taɓa tana danƙo a yatsa. Turaren wuta ne. Hayaƙinsa yana barin maiƙo a jikin ƙarfe, ƙura ta zo ta manne, a hankali hanyar iska ta toshe. Muka wanke, muka sake man sanyaya, ya cire katakon bayan durowar, matsalar ta wuce. Ba na cewa a daina turare, gidajenmu ba sa rabuwa da shi. Abin da nake cewa shi ne kada kaskon ya zauna kusa da kwamfuta, kuma duk bayan 'yan watanni a buɗe ta a hure ta. A jikin bod ka tabbatar akwai aƙalla mahaɗin fanka biyu masu fil huɗu, ɗaya na furosesa ɗaya na akwati, domin masu fil huɗun su ne aka fi iya rage wa gudu daga BIOS, wato shafin saitin bod, su yi shiru lokacin da babu aiki. Bod marar fanka irin na N100 ma ya fi kowa buƙatar sarari, tunda iskar ɗaki kaɗai ke sanyaya shi. A zafin Makka, in za ku yi tafiya ku kashe na'urar sanyaya ɗaki, to a kashe kwamfutar ita ma, ko a sa mata fanka ɗaya babba mai juyawa a hankali.

Sai wurin ajiya. Windows ko duk manhajar da za ka sa ta zauna a SSD na gurbin M.2, bidiyoyi kuma su zauna a had-dis da ke haɗe ta kafar SATA. Kada ka raina girman bidiyon waya. Minti ɗaya na 4K sau 60 a iPhone yana cin kusan megabait 400, wato awa ɗaya ta kusa gigabait 24. Biki ɗaya, daga kamu zuwa walima, in 'yan mata uku suka ɗauka, za ka ga inda terabait ke tafiya. Saboda haka ka ƙirga kafofin SATA. Bod ɗin H610 yawanci huɗu gare shi, N100DC-ITX biyu. Ka kuma duba littafin bod ɗin, domin a wasu in ka sa SSD irin na SATA a gurbin M.2, ɗaya daga kafofin SATA tana daina aiki. Dalilin da ya sa nake nacewa a kan kafa biyu aƙalla shi ne had-dis yana mutuwa ba sallama. Fim ko tafsirin marigayi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam in ya ɓace za ka sake samu a intanet. Muryar mahaifinka yana sa wa jikansa albarka ran suna, in ta tafi ta tafi. Na ga dattijo ya zauna a kujerar shagona ya kasa magana a kan irin wannan. Duk abin da babu shi a wani wuri, a ajiye shi a faifai biyu, ɗayan ma ya fi kyau ya zama na waje da ake cirewa a adana.

Sauti ba zai ɗauke mu lokaci ba. In sautin zai bi ta HDMI zuwa talabijin ko sifikar da ke ƙarƙashinta, cif ɗin sauti na bod, ko ALC897 ne ko ALC1220 mai tsada, ba ya shiga aikin ko kaɗan. Kada a ƙara maka ko riyal ɗaya da sunan ingancin sauti. Sai fa in kana da tsohuwar amfilifaya marar HDMI, to ka nemi bod mai kafar haske ta S/PDIF, wadda ke ɗaukar Dolby Digital da DTS amma ba ta ɗaukar TrueHD.

Intanet kuma, in da hali ka ja waya daga rawuta. Kafar gigabit ɗaya da ke kan kowane bod ta ninka buƙatar kowane bidiyon 4K sau da yawa, ba sai ka nemi mai 2.5 ba. Gine-ginenmu na kankare ne da rodi, wayfai yana shan wahala tsakanin ɗaki da falo. Duk da haka ina son bod mai wayfai, ko mai gurbin M.2 Key E da za a sa masa katin, saboda Bluetooth a jikin katin yake zuwa, kuma da shi za ka haɗa abin saurare na kunne in kana son jin karatu da daddare yara suna barci. Eriyoyin nan biyu da ke cikin kwali ka ɗaura su ko da waya ka ja, in babu su Bluetooth ba ya kai ko tsawon falo. Ɗan makullin USB na kibod marar waya kuma ka soka shi a kafar USB 2.0, baƙar, nesa da masu launin shuɗi, domin USB 3.0 tana fitar da hayaniyar da ke dagula siginar 2.4GHz. Mutane da yawa sun jefar da kibod mai lafiya saboda wannan.

Akwai abu biyu da masu shago ba sa tunawa da su. In kana da dish a saman bene da ke kama Nilesat ko Arabsat, kana iya sa wa kwamfutar katin DVB-S2 ta maye gurbin risiba, har ta riƙa naɗar shirye-shiryen tashoshin kyauta, misali Tarawihin Harami, kana wurin aiki. Wannan yana buƙatar gurbin PCIe ko da ƙarami ne, kuma a siririn akwati sai katin ya zo da gajeren ƙarfen ɗauri. Na biyu shi ne rimot. Akwatunan Android suna amsa rimot ɗin talabijin ta hanyar HDMI-CEC, amma kusan duk bod ɗin kwamfuta ba su da wannan. In kana son Hajiya da yara su riƙa sarrafa komai da rimot ɗaya, akwai 'yar na'urar USB ta kamfanin Pulse-Eight da ake sawa tsakanin kwamfuta da talabijin, Kodi yana gane ta. In ba haka ba, ƙaramin kibod mai linzami a jiki ya isa. Ka ba wannan muhimmanci, domin kwamfutar da sai maigida ya dawo ake iya kunna ta, ba a daɗewa ake komawa kallo a waya.

Gaskiya ɗaya kuma da ya kamata in faɗa maka: manhajojin kallon fim ta intanet irin Shahid da Netflix da makamantansu ka bar su a manhajar cikin talabijin. Kamfanonin suna kulle bidiyonsu da matakan kariya, a kwamfuta samun cikakken 4K yana da sharuɗɗa da yawa, a Linux kuwa ingancin ma rage shi ake yi. Dolby Vision shi ma ya fi tafiya daidai a talabijin. Ƙarfin kwamfuta yana kan kayanka na kanka, da burauza, da rumbun da ka tsara yadda kake so. Wanda YouTube da Shahid kaɗai yake kallo ba ya buƙatar haɗa komai. Kai da kake da bidiyoyin iyali na shekaru a warwatse cikin wayoyi da filas, kana da dalili.

Ka tambayi kuma ko za ka iya sayen na hannu. Ana samun alheri a Haraj, wato kasuwar kayan hannu, da shagunan titin Khalid bin Walid a nan Jidda, amma da sharaɗi. A bod ɗin Intel, da na AM5, siraran filolin suna cikin mazaunin furosesa ne a jikin bod. Ka buɗe murfin, ka haska da fitilar waya daga gefe, ka karkata shi a hankali. Lafiyayyun filoli duk haskensu ɗaya ne kamar gonar da aka yi wa kunya, lanƙwasasshe kuwa zai ƙyalla daban. In ka ga ko ɗaya, ka ajiye. Ka duba kafofin baya ko akwai tsatsa ko kore-kore, danshin teku na Jidda yana cin ƙarfe. Ka nemi farantin ƙarfen da ke rufe bayan akwati, in ya ɓace samun irinsa wahala ne. Sannan a kunna a gabanka a kan allo, gani ya kori ji. Kada ka sayi abin da ya girmi zubi na takwas na Intel in Windows za ka sa, domin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga zubi na takwas yake farawa tare da sashen tsaro na TPM 2.0. In kallo zalla ne, akwai LibreELEC, ƙaramar manhaja ta kyauta da ke buɗe Kodi kai tsaye da an kunna. Ko sabo ko na hannu, ka tabbatar BIOS ɗin bod ya san furosesar. Bod H610 da aka ƙera tun 2022 mai yiwuwa ba zai tashi da furosesar zubi na 13 ko 14 ba sai an sabunta shi, haka B450 da Ryzen 5000. Ka sa mai shago ya yi wannan kafin ka fito. Sabo kuwa ka karɓi fatura, wato rasit, a rubuta maka lambar kayan da tsawon garanti, ka kuma tambaya ko farashin ya haɗa da harajin kashi 15.

Game da wuta, tsofaffin gidaje a Makka da Jidda har yanzu akwai masu soket iri biyu, na bolt 127 da na 220. Yawancin akwatunan wuta na zamani suna karɓar daga 100 zuwa 240 da kansu, amma ka karanta takardar da ke manne a jiki, wasu masu araha 200 zuwa 240 kawai suke ɗauka. In ka ga ɗan jan makunni a baya mai 115 da 230, tsohon salo ne, kuma kuskure ɗaya yana ƙona shi. Tunda ka ambata cewa wataƙila wata rana ka aika da ita Kano wurin su Inna, wannan ya ƙara wa N100DC-ITX daraja a idona. Abin da take ci bai kai na fankar sama ba, ƙaramar sola ko inbata za ta riƙe ta, kuma in wuta ta yi ɓarna yawanci cajar ce ke tafiya, a sayi wata a kasuwa. Bambancin 60Hz na nan da 50Hz na gida ba ya damun ta. A BIOS akwai saitin abin da kwamfuta za ta yi in wuta ta dawo bayan ɗaukewa. Can gida ka bar shi a kashe, kada ta riƙa tashi duk lokacin da aka kawo wuta mai rawa.

Da ni ne a matsayinka, Alhaji, ga abin da zan ɗauko. In kallo ne kawai, N100DC-ITX da ram DDR4 gigabait 16, SSD na M.2 mai gigabait 500, had-dis mai terabait 4, da wani na waje domin kwafin kayan iyali. Had-dis babba mai inci 3.5 yana jan wuta sosai lokacin tashi, saboda haka cajar ta zama mai ƙarfi, ka bi adadin da littafin bod ɗin ya faɗa. In kuwa kana ganin za ka sa katin dish, ko faifai fiye da biyu, ko yara za su yi aikin makaranta a kanta, to i3-12100 da microATX H610 mai DDR4, ram guda biyu masu gigabait 8 kowanne domin sashen hoto ya fi sakewa da ram biyu, bayan ka ga 4K a 60Hz da idonka a shafin kamfanin.

Kafin ka koma kasuwa, ka turo min lambar talabijin ɗin da ke rubuce a takardar bayanta, da awon gurbin da za ka ajiye kwamfutar, da hoton bayan duk bod ɗin da aka nuna maka. In kuma za ka shigo Jidda, ka taho da filas ɗauke da bidiyon biki mafi nauyi da ke wayar Hajiya, mu kunna shi a kan bod ɗin kafin ka biya. A gaida iyali.